Wutsiyar Bajamushiya

A Yakasai, in mutum ya cika, kafin a gama yi masa wanka za ka ji an ce a aika gidan Malam Isiyaku mai zarto. Shi ke yanka itacen kabari, gajerun itatuwan nan da ake jerawa a bakin ƙaramin rami don kada ƙasa ta zubo wa mamaci. Ba ruwansa da igiyar awo. Tambaya ɗaya yake yi: wane ne? Da an faɗa masa sai ya lumshe ido, ya tuno faɗin kafaɗar mutumin a sahun sallah, ya ware hannuwansa, shi ke nan an gama awo. Ba a taɓa dawo masa da itace an ce ya yi gajere ba. Kuma sadaka yake yi.

Sana'arsa ta cin abinci gyaran injin zarto ce, irin mai sarƙar nan da ake sare bishiya da shi. Sai dai bawan Allahn nan yana da wata lalura da matarsa Hajo ta gaji da nema wa magani: ba ya iya ganin tsohon inji a yashe ya wuce. Ko a cikin tarin 'yan gwangwan na Ƙofar Ruwa ya hango hancin wani ya leƙo, sai ya tono shi ya goyo a keke. Soronsa ya cika maƙil da su, a rataye jikin bango kamar naman layya, kowanne da sunansa. Ga Mai Tari, ga Jar Kaza, ga Gurguwa wadda ya yi shekaru yana nema wa kafireto. Sababbin nan 'yan Chana kuwa in aka kawo masa gyara, da yatsa biyu yake ɗagawa yana yamutsa fuska.

Uwarsu duka ita ce Bajamushiya, wani ƙaton injin zarto ƙirar Jamus. Tun zamanin Turawa wani kamfanin katako ya shigo da ita, ya ci moriyarta ya yar, Isiyaku ya tsince ta yana saurayi. Tsawon ruwanta ya kai mutum a tsaye, kuma mutum ɗaya ba ya iya ta. Ɗaya yana riƙe da kai, wajen inji da totur. Ɗaya yana can ƙarshe riƙe da wutsiya, wani mariƙin ƙarfe da sarƙa ke zagayowa ta gabansa, tsakaninta da cikinsa bai fi tafin hannu ba. Suna fuskantar juna, gungume a tsakaninsu. Mai wutsiya ba shi da abin kashe inji, ba ya ma jin magana saboda ruri, idon mai kai kawai yake kallo. In sarƙa ta tsinke kuwa, shi take nema.

Tun suna samari Gambo ne ke riƙe wa Isiyaku wutsiya. Lungunsu ɗaya, makarantar allonsu ɗaya. Bajamushiya ta taɓa cinye wa Gambo babban yatsan ƙafar hagu a wani daji, Isiyaku ne ya goyo shi har bakin titi jini na bin bayansa. Da girma ya zo, ƙirji ya fara damun Gambo, sai ya koma sayar da itacen girki da ɗan zuwa aike, wutsiya ta koma hannun Sule.

Sule ɗan farin Isiyaku ne, saboda haka daga uban har uwar babu wanda ya taɓa kama sunansa. Kunyar ɗan fari ce, irin ta mutanen cikin birni na da. Isiyaku "kai" yake ce masa. Hajo kuma "yaron nan", alhali yaron nan ya ajiye gemu, kafaɗarsa sai ya karkata yake shiga ƙofar soro. Isiyaku bai taɓa yaba masa ba ko da wasa. Amma in suka sa gungume a tsakiya, Bajamushiya ta ɗauki ruri, uban ya ɗaga gira ɗan ya danna, uban ya ƙifta ɗan ya sassauta, to a nan suke yin duk hirar da ba su yi a gida.

Daga ranar Juma'ar nan da bama-bamai suka girgiza Kano, gari ya zama wani abu dabam. Isiyaku da Sule suka yanka itacen kabari har hannuwansu suka yi kanta a kan kanta. Aka kafa dokar hana fita, aka datse tituna da buhunan ƙasa. In ka zo shinge a kan babur sai ka kashe ka tura. Masu bindiga a tsorace, jama'a a tsorace, kowa na kallon buhun kowa.

A irin wannan yanayi ne Isiyaku ya aiki Gambo ya karɓo masa kaya a Ƙofar Ruwa: kwail, 'yan wayoyi, fulogogi, wani tsohon tankin inji, da galan na fetur. Gambo ya ɗaure su a buhu a bayan keke. Wayoyi da fetur a buhu ɗaya, a wannan shekarar! Aka tare shi a shinge, aka zazzage buhun a ƙasa, daga nan babu wanda ya sake ganinsa ranar.

Washegari da hantsi motoci suka toshe bakin lungun. Isiyaku na zaune yana wanke fistin a cikin kwano, Sule na wasa sarƙa. Masu bindiga suka shigo ba sallama.

"Waye Sule?"

Isiyaku ya miƙe ya shiga gabansu. "Ranka ya daɗe, duk abin da ke soron nan nawa ne. Injinan zarto ne, ku tambayi duk unguwa. In tafiya za a yi, ga ni."

Aka hankaɗe shi ya faɗa kan Jar Kaza. Sule ya ajiye magagari ya ce, "Ni ne." Suka ja shi waje suka tsayar da shi a gaban wata mota. A bayan motar akwai wani mutum a zaune, an rufe masa kai da buhu mai huji biyu. Aka tambaye shi ko wannan ne. Buhun ya gyaɗa.

Isiyaku yana durƙushe a ƙofar soro, don haka idonsa daidai ƙafafun mutumin yake. Ba takalmi. Ƙafar hagu ba babban yatsa.

Suka kwashe injinan da za su iya ɗauka, sauran suka farfasa da gindin bindiga. Bajamushiya ta yi musu nauyi, sai suka jawo ta waje, mota ta bi ta kanta da za su fita. Sule bai waiwayo ba. Isiyaku ya buɗe baki zai kira shi, sai ya ga bai san da me zai kira shi ba a gaban jama'a, har motar ta sha kwana.

Ba a yi mako ba aka sako Gambo, fuska a kumbure, haƙora biyu sun tafi. Sule kuwa shiru. Isiyaku ya bi ofis-ofis har takalminsa ya huje. Nan a ce ba a kawo shi ba, can a ce an wuce da shi gaba, wani wajen a daka masa tsawa. Ya shiga ɗakin ajiye gawa ya dudduba fuskokin 'ya'yan mutane. Babu rai, babu gawa. Da aka daɗe liman ya zo da shawarar a yi masa sallar ga'ib, Hajo ta aiko daga cikin gida cewa duk wanda ya zo mata gaisuwar mutuwa, da taɓarya za ta karɓe shi.

Sau ɗaya Gambo ya yi ƙarfin halin zuwa. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ya kasa shigowa.

"Isiyaku, na faɗa musu kayan zarto ne, wallahi na faɗa. Suka ce suna suke so. Sun rataye ni, Isiyaku."

Isiyaku yana tsintar sukurori a ƙasa, bai ɗago ba.

"Sunan wa zan faɗa? Naka? Kai da hawan jini, kwana ɗaya ba za ka yi a wurin nan ba. Na ce shi yaro ne mai ƙarfi, za su tambaye shi su sake shi."

Sai a sannan Isiyaku ya ɗago. "Wa ya aike ka?"

"Kai."

"Kayan wa ka ɗauko?"

"Naka."

"To, uban wa ya ba ka zaɓi a cikin gidana? Ni na haife shi, tun da aka raɗa masa sunan nan ban taɓa sa shi a bakina ba. Kai ka ɗauka ka miƙa wa masu bindiga, wai taimakona ka yi. Fita min daga ƙofa, Gambo."

Gambo ya tafi yana jan ƙafa. Hajo da ke laɓe a bayan labule ta raka shi da Allah ya isa, kuma daga ranar duk sanda ta ji takunsa a lungu sai ta maimaita.

Mutane suka zaci Isiyaku ya bar ƙarfe ke nan. Ina! Da sanyin safiya wata rana sai aka ji ƙwanƙwasa a soro. Ya jawo Bajamushiya ya kwantar a kan tabarma, ya kwance ta gaba ɗaya har ƙusa ta ƙarshe. Ruwanta ya lanƙwashe, ya kai wa maƙeran kasuwar Kurmi, ya tsaya a kansu suna gasawa suna bugawa, yana hanawa in sun so yin gaggawa. Tankinta ya fashe, ya liƙe shi da dalma. Ringin fistin ya karye, kuma duk Kano babu irinsa, sai ya samo na wani tsohon injin ban ruwa ya zauna yana goga shi a kan dutse har ya shiga daidai. Fatar cikin kafireto ta ruɓe, ya yanko sabuwa daga fatar akuya mai laushi ta majema. Ya naɗe kwail da hannu. Sauran injinan da suka rage a bango kuwa, Gurguwa da 'yan uwanta, ya riƙa cire musu sassa ba tausayi yana ciyar da ita, shi da a da ko sukuri ba ya yarda a ara daga jikinsu.

Masu wucewa suna cewa Allah sarki, Malam Isiyaku ya samu abin da zai ɗauke masa hankali. Ba su san abin da ke ransa ba. Duk bugun guduma ɗaya, cikin Gambo yake gani a bayan wutsiya. Yana so ya kashe shi, kuma yana so ya kasance yana kallon idonsa lokacin. Da tunanin yake tashi, da shi yake alwala, har a sujada ba ya barinsa.

Sarƙa ce ta ƙarshe. Ta tsinke wuri uku, ya haɗa biyu da ƙusar ƙarfe mai tauri yadda ya kamata. Na ukun ya ajiye ƙusar ƙarfen a aljihu, ya yanko guntuwar tagulla daga wani tsohon munduwa, ya soka, ya daddale kanta, ya shafe da baƙin mai. Tagulla za ta riƙe in ana wasa da inji a iska. Za ta riƙe a ɓawon itace. Amma in haƙora suka kai zuciyar gungume aka danna totur, ba za ta riƙe ba. Marfin da ke kare mai wutsiya kuwa mota ta riga ta murƙushe shi, kuma Isiyaku bai ƙera wani ba.

Tun tafiyar Sule, Hajo ce ke wasa haƙoran sarƙa a tsakar gida, don idon Isiyaku ya fara rauni. Ta shimfiɗa sarƙar a kan turmi tana bi da magagari haƙori bayan haƙori. Da ta zo kan haɗin nan sai magagarin ya kuskure ya karci kan ƙusar, wani ja ya bayyana. Ta tsaya. Shekarunta a gidan mai zarto sun isa ta san abin da ta gani. Ta ɗago ta dubi mijinta, shi ma ya dube ta.

"Malam, miƙo min baƙin man nan," ta ce.

Ya miƙa mata. Ta dangwala da yatsa ta shafe wurin, ta ci gaba da wasa haƙoran, har ta fi ɗazu nutsuwa.

Ranar da Isiyaku ya ja igiyar tayar da inji Bajamushiya ta yi tari ta kama, duk lungun sai da ya amsa. Tantabaru suka watse daga kan soraye, mata suka leƙo. Gambo yana zaune gaban itacensa a bakin lungu, ya ji muryar da ya sani tun yana saurayi, ya sunkuyar da kai.

Da ruwan farko ya sauka da iska mai ƙarfi, wani tsohon maɗaci ya faɗi a maƙabartar bayan badala, ya kwanta a kan hanyar da ake shiga da makara. Kaurinsa mutum uku ba sa zagaye shi da hannu. Samari suka je da 'yan Chana, suka ƙone biyu suka dawo. Ga mutuwa ba ta tsaya ba, ga itacen kabari ya yanke. Mai unguwa da kansa ya tako har soro.

"Malam Isiyaku, an ce tsohuwar ta tashi."

"Ta tashi, ranka ya daɗe. Amma ba ta aiki da mutum ɗaya."

"Ga samari nan birjik."

"Wanda bai san wutsiya ba, gawarsa za ku ɗauko. Mutum biyu suka iya ta a garin nan. Ɗaya an tafi da shi."

Mai unguwa ya shafa gemu. A ransa murna ya yi, ya ɗauka Allah ne ya kawo hanyar sulhu. Ya aika wa Gambo, Gambo ya ce zai zo.

Da hantsi aka kai Bajamushiya a kura. Ƙasa a jiƙe, ƙamshin ɗanyen itace ya cika wurin. Masu haƙar kabari da 'yan kallo suka ja baya can nesa, don Isiyaku ya ce kada kowa ya matso. Gambo ya iso a rame, riga na lilo a jikinsa. Ya yi sallama, Isiyaku ya amsa a ciki. Suka ɗaga ta tare suka ɗora a kan gungumen, hannuwansu suka tuna aikin ba tare da an yi magana ba.

Mai wutsiya na ƙwarai ba ya kama mariƙi sai ya bi sarƙa da yatsa. Isiyaku ne da kansa ya koya wa Gambo haka, kuma a cikin duk lissafinsa wannan ne ya manta. Gambo ya ɗora babban yatsa yana jan sarƙar a hankali, haɗi bayan haɗi. Ya wuce na farko, ya wuce na biyu. A na uku yatsan ya tsaya. Ya murza. Tagulla ta yi ja a rana.

Isiyaku ya ƙura masa ido. Ya jira ihu, ya jira Gambo ya kira mai unguwa ya nuna wa duniya.

Gambo ya dubi ƙusar, ya dubi inda marfi ya kamata ya kasance. Sai ya lakato baƙin mai daga jikin ruwan zarton ya mayar ya rufe jan. Ya tuɓe rigarsa ya ninke ya ajiye a kan reshe, ya gyara tsayuwa, ya kama wutsiya, ya matso da cikinsa kusa fiye da yadda aka saba.

"Tayar da ita, Isiyaku."

Isiyaku ya ja igiya. Bajamushiya ta ɗauki ruri, hayaƙi ya turnuƙe. Suka saukar da ita, haƙora suka kama ɓawo, garin itace ja ya fara feshi. Yana gangarawa. Isiyaku yana jin nauyin itacen yana ƙaruwa a hannunsa, ya san saura kaɗan a kai zuciya. Yatsansa na kan totur. Ya ɗaga ido don ya ga abin da ya daɗe yana jira, tsoro a fuskar Gambo.

Babu tsoro. Mutumin fuskarsa a sake, leɓɓansa na motsi da kalmar shahada, idonsa a kan Isiyaku kamar na wanda aka zo sauke wa kaya. Tun ranar buhun nan Isiyaku bai ga Gambo cikin kwanciyar hankali irin wannan ba. Ashe so yake! Ashe kyauta Isiyaku ya yi wata da watanni yana ƙera masa. Ya mutu a maƙabarta, a bakin aikin sadaka, da shahada a baki, a wanke shi a sallace shi, jama'a su ce Allah sarki Gambo, a jera masa itace a rufe shi, 'ya'yansa su san inda yake kwance su riƙa zuwa ziyara. Shi ya samu kabari ke nan.

Wani baƙin ciki ya taso wa Isiyaku wanda ya fi na da zafi. Ya saki totur, ya kashe inji.

Shiru ya sauka, sai kukan kurciya. Gambo ya buɗe baki. "Me ya faru? Ci gaba mana."

"Ɗaga."

"Isiyaku, don girman Allah ka ƙarasa. Na gani, kuma na yarda. Jinina halal ne a gare ka. In ta tsinke sai ka yafe min, shi ke nan mun rabu."

"Ka ji ɗan kasuwa," in ji Isiyaku. "Har yanzu kai ke zaɓa. Ɗaga, na ce!"

Suka zaro ta daga tsagin. Isiyaku ya sassauta sarƙa, ya ɗora haɗin a kan gindin gatari, ya fitar da tagullar da bugu ɗaya. Ya laluba aljihu ya ciro ƙusar ƙarfen, ya soka, ya daddale ta da kyau. Ya miƙa wa Gambo sarƙar.

"Duba."

Gambo ya duba. Yanzu ne hawaye suka zo masa.

"Lafiya dai, Malam Isiyaku?" mai unguwa ya ɗaga murya daga nesa.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Wata ƙusa ce ba ta yi min ba."

Suka koma aiki. Suka datsa maɗacin nan gunduwa-gunduwa, suka buɗe hanya, suka bi manyan rassa suna fitar da itacen kabari, masu haƙa suna kwasa suna tarawa. Isiyaku bai sassauta masa ba ko kaɗan. Gambo na tari, gumi na zuba, ƙafarsa mai yatsa huɗu na zamewa a laka, in ya ɗago neman hutu sai ya tarar da idon nan a kansa, gira ta ɗaga, dole ya danna. Tsawon yinin nan yana tsaye a inda Sule ke tsayawa.

Da rana ta karkata, saura reshe ɗaya, miƙaƙƙe, mafi kyau a bishiyar, wanda Isiyaku ya hana a taɓa tun safe. Ya ajiye kan injin. Ya tsaya a gaban reshen, ya lumshe ido, ya ware hannuwansa. Ya ƙara warewa.

Wani tsoho cikin masu haƙa ya ce, "Malam, an yi rasuwa ne? Wane ƙaton ne wannan?"

Isiyaku ya sunkuya kan reshen. Ya sa alama da gefen magagari, ya ja igiya. Gambo ya ga faɗin awon, ya gane kafaɗar. Haka ya riƙe wutsiya suka yanka itatuwan ɗaya bayan ɗaya, kowanne daidai da ɗan uwansa. Isiyaku ya tattara su da kansa, ya share garin itacen da hannun riga, ya ɗaure su tamau da igiyar kura. Sannan ya ɗago ya yi magana da ƙarfi yadda mai unguwa da kowa zai ji.

"Na Sule ne."

Sunan ya fito masa da kyar, kamar ya haɗiyi ƙaya. Waɗanda suka san shi shekara da shekaru suka dubi juna, don ba su taɓa jin sa a bakinsa ba.

"Na Sule ne, ɗana. Duk wanda ya mutu a unguwar nan na rufe shi, nawa ban rufe ba. Gambo, kai ka nuna shi, kai za ka nemo shi. Ɗauki. Ka ajiye a ɗakin da kake kwana. Ranar da ka samo inda yake, ka jera masa waɗannan da hannunka, to ranar ka zo ka tambaye ni yafiya."

"Isiyaku, a ina zan same shi?" Muryar Gambo ta karye. "Kai ma ka nema."

"Na nema."

"In na mutu ban samu ba fa?"

"Sai ka je da shi. Ban yafe ba."

Mai unguwa ya matso yana cewa haba Malam, a yi haƙuri, a dubi Allah. Isiyaku ya ce Allah yake duba, shi ya sa bai ƙarasa abin da ya fara ba, kuma mai unguwa bai gane me yake nufi ba. Babu wanda ya taya Gambo. Shi kaɗai ya durƙusa, ya kinkimi ɗaurin ya aza a ka.

Haka ya shigo gari ta ƙofa, ya ratso lungunan Yakasai da la'asar sakaliya, lokacin da kowa ke zaune a ƙofar gida. Babu yaro babu babba da bai san itacen kabari ba in ya gani. Mutane suna miƙewa suna tambaya, "Innalillahi, wa ya rasu?" Gambo ya ci gaba da tafiya. Isiyaku na biye da shi a baya yana tura kura, ba ya sauri, ba ya barinsa ya yi nisa.

Da suka zo lungunsu, Hajo tana tsaye a bayan ƙyauren soro tun azahar, tana jiran ta ji kururuwa daga gidan Gambo. Sai ta ji takun da ta sani, mai jan ƙafar hagu. Ta leƙa a fusace. Ta ga mutumin a raye, ta ga abin da ke kansa, ta ga tsawon itatuwan. Ita ta haifi kafaɗar, ba ta buƙaci a gaya mata ba. Ta buɗe baki za ta yi Allah ya isan da ta saba, sai ta dafe bango, ta sulale ƙasa, ta kira sunan ɗanta da ƙarfi har ƙarshen lungu.

Gambo ya tsaya cak da kayan a kansa.

"Wuce," in ji Isiyaku. "Kuma gobe da hantsi ka fito, akwai sauran gindin bishiyar."